Daga Gwammaja Zuwa Gidan Rumfa A Ƙasa

Sau da yawa in baƙo ya sauka Kano, mai masaukinsa ya kan sa shi cikin mota, a zaga da shi ta kan manyan tituna da gadojin sama, a nuna masa Kantin Kwari da Sabon Gari ta taga, da la'asar a mai da shi masauki. Sai ya koma garinsu yana cewa ya ga Kano. Alhali kuwa Waje ya gani, da hayaƙin motoci. Birnin kansa ba ya ganuwa sai ga mai tafiya a ƙasa, gama lungunansa an yanka su ne daidai faɗin jaki da mangalarsa, tun ba a san mota ba.

Saboda haka ran wata Asabar cikin hunturu muka shirya, mu kaɗan, akawuna da malaman makaranta, muka sami wani dattijo ɗan gari, tsohon malamin firamare, ya yi mana jagora. Sharaɗi guda ya kafa mana, watau ba mai hawa a-daidaita-sahu sai an kai ƙarshe. Tafiyar duka wajen mil 4 ce, amma ta ci mana tun daga fitowar rana har azahar. Ga hanyar da muka bi, ko wani malami zai so ya bi ta da yaransa.

A Gwammaja muka taru, wajen masu ƙosai. Unguwa ce ta arewacin birni, cikin ganuwa, amma yarinya ce in an gwada ta da su Madabo. Dā wannan sashi yawancinsa gonaki ne da fili, domin magabata da suka ja ganuwa sun bar wurin noma da kiwo a ciki, yadda in abokan gaba sun kewaye gari ba za a mutu da yunwa ba. Shi ya sa titunan Gwammaja su ke a miƙe. Nan kusa kuma Asibitin Ƙashi na Dala ya ke, wanda aka buɗe cikin 1959.

Zangonmu na fari Gidan Mumbayya, gidan marigayi Malam Aminu Kano. An haife shi cikin 1920, ya koyar a Midil ta Bauci da makarantar horon malamai ta Maru, sa'an nan ya ajiye aikin cikin 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU, ya zama shugabanta daga baya. Tsofaffin ma'aikatan En'e ba su manta da wannan zamani ba, lokacin da akawu ba ya so a gan shi yana doguwar gaisuwa da ɗan NEPU, don tsoron abin da zai tarar a ofis da safe. Malam ya shiga Majalisar Wakilai cikin 1959, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP cikin 1979. Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, a nan gidan aka binne shi. Yanzu wurin yana hannun Jami'ar Bayero, ta mai da shi cibiyar nazarin mulkin dimokuraɗiyya. An yi manyan ɗakunan taro, amma ba su ne abin kallo ba. Abin kallo shi ne ƙanƙantar ɗakunan da mutumin ya zauna, mutumin da filin jirgin sama da babban asibitin koyarwa na Kano su ke ɗauke da sunansa. Wani daga cikinmu ya daɗe tsaye, ya ce falon shugaban ofishinsu ya fi nan girma. Ba wanda ya tanka masa.

Daga nan jagora ya ce mu yi arewa kaɗan zuwa Ƙofar Ruwa mu ga badala, tun da sauranta. Mun ɗauka wasa ya ke yi. Da muka isa sai muka tarar da kasuwar rodi da kayan gini da kayan gyaran mota, ƙarar guduma ta ko ina. Sai da ya nuna mana da sandarsa kana muka gane wani tudun jar ƙasa a bayan rumfuna, zaizaye, da juji a gindinsa, awaki suna kai da kawowa a bisa. Ya ce, "To, ga ta nan."

A nan ya kamata mu ɗan dakata, gama wannan tudu shi ne dalilin rubutun nan. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci cikin 1908, wanda kuma malamai suka sani da Hausa cikin Hausawa Da Maƙwabtansu, ya ce Sarki Gijimasu jikan Bagauda shi ya fara ginin ganuwa. Ran da aka soma aikin shanu 100 ya yanka. Ƙofofi 8 aka yi, cikinsu har da Mazugal da Ƙofar Ruwa da Waika da Kansakali, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Bisa ga lissafin da aka saba, Gijimasu ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. (Malamai su lura, littafin tsawon sarautar ko wane sarki kaɗai ya bayar, shekarun nan daga baya aka fitar da su ta hanyar ƙidaya da baya baya. Kyau a faɗa wa yara haka.) Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a farkon ƙarni na 17. Sa'ad da rundunar Kanar Morland ta ci garin ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato, Gwamna Lugga ya rubuta wa Ingila cewa kewayen ganuwar mil 11 ne, ƙofofinta 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40. Mutum ne wanda ya yi yawon yaƙi daga Indiya har Uganda, duk da haka abin ya ba shi mamaki.

To, ina ta tafi? Ginin ƙasa ba ya zama sai da yaɓe. Dā ko wace shekara in damina ta wuce a kan yi gayya, ko wane sashi na jama'a da nasa yanki, a toshe inda ruwa ya ci. Da yaƙi ya ƙare aka daina, ruwan sama ya shiga aikinsa. Sa'an nan masu gini suka ga ƙasa kwaɓaɓɓiya a banza, suka riƙa ɗiba suna tubali. Daga baya aka zo ga yanka filaye. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓarna, domin abin da ruwa ya zaizaye ana iya mayarwa, amma inda aka zuba kankare aka ta da kanti, shi ke nan. Muna kuwa faɗa wa 'yan'uwanmu ma'aikatan ofis gaskiya: yawancin ginin da ya hau badala yana da takarda, takardar nan kuwa wani ne ya buga ta, wani ya sa hannu, wani ya ɗora hatimi. Ƙofofin ma an rushe da yawa don faɗaɗa titi, aka mai da su na siminti, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa cikin 2010. Tun 2007 aka sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ta ke nema hukumar UNESCO ta karɓa a kan kayan tarihin duniya, amma takarda a Faris ba ta hana jaki ɗibar ƙasa a Kano.

Haka kuma kududdufai. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina birnin, su ne kuma su ke shanye ruwan sama. An cike su da shara an yi gini a kai, yanzu ruwan ya rasa masauki, sai ya shiga ɗakunan mutane cikin Agusta.

Muka juyo kudu muka nufi Dutsen Dala. An yi masa matakala ta siminti, hawan ba wuya, ko da ya ke mai ƙiba a cikinmu sai da ya zauna sau biyu. Ƙwanƙolinsa ya kai mita 534 bisa ga teku. A gindin dutsen nan Kano ta fara. Masu binciken ƙasa sun tono matoyar tama a wurin, awo ya nuna ta kai ƙarni na 7, watau tun kafin Bagauda da shekaru ɗaruruwa akwai maƙera a nan. Littafin tarihi ya ba da labarin Barbushe, babban mai tsafin Tsumburbura, wanda ya kan shiga wurin tsafin, ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai auku, har ya gaya musu wani baƙo na nan tafe da zai mallake su. Bagauda ya zo cikin 999 bisa ga lissafin nan. Amma tsafin bai faɗi nan da nan ba, sai a zamanin Sarki Tsamiya, bayan shekara 300 da wani abu.

Kai, wanda bai hau Dala da safe ba bai san girman Kano ba! Yamma ga Goron Dutse, inda aka kai ruwan famfo daga Challawa sa'ad da En'e ta Kano ta kawo ruwa da lantarki da kuɗin baitulmalinta cikin 1931. Gabas ga Fagge da Sabon Gari. Kudu ga hasumiyoyin Babban Masallaci biyu da koriyar ƙubbarsa, can za mu. Jagora ya nuna mana wajen Ƙofar Mazugal, inda dā a ke jera buhunan gyaɗa dubbai ana jiran jirgin ƙasa, bayan dogo ya iso Kano cikin 1911. Daga sunan dutsen nan aka sami kalmar dalar gyaɗa. Fari da cutar gyaɗa da kuɗin man fetur suka taru suka kawar da su cikin shekarun 1970, yaran yanzu sai a hoto. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zauna a unguwar Dala cikin 1851, ya hau nan ya zana garin. Ya ƙiyasta mutanensa 30,000, ya kuma ga fili mai yawa cikin ganuwa ba gini. Mu kuwa rufin kwano muka gani har iyakar ganinmu, soraye masu zanko sai ɗai ɗai. Muka nemi layin ganuwa daga sama, muka same shi guntu guntu, kamar haƙoran tsoho.

Da muka sauko sai muka shiga lunguna sosai. A nan dole a bi jagora kurkusa, kuma a yi sallama, domin ƙofar gidajen mutane a ke bi. Muka ratsa ta Madabo, inda Wangarawa malamai daga Mali suka kafa zaure da masallaci bayan sun zo a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Har yanzu za ka ji karatu yana tashi daga zauruka. Sunayen unguwanni kansu darasi ne: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, ko wace ta faɗi inda mutanenta suka fito. Akwai Dandalin Turawa, wanda wani matashi a cikinmu ya zaci mazaunin Ingilishi ne. A'a, Larabawan Tarabulus da Gadamas ne, su a ke ce wa Turawa tun kafin a ga Nasara.

Sai ga mu a Kasuwar Kurmi, a bakin Jakara. Rumfa ya kafa ta cikin ƙarni na 15. Jakara dai yanzu magudanar ruwan datti ce, a wuce da sauri. Amma cikin kasuwar a yi a hankali. Layukanta ƙunci gare su, mutum biyu ba su jerawa, ko wace sana'a da nata layi: masu sirdi da linzami da jalala, dukawa, masu turare, 'yan koli, masu ƙorai da akusa, masu littattafan Larabci da na ajami. Jar fatar akuya da a ke jemewa a ƙasar Hausa ta nan ta ke bi ta haye Sahara, mutanen Turai suka sa mata sunan Maroko don daga can ta ke isa gare su.

Wani Baturen Birtaniya, Clapperton, ya zo nan cikin 1824, ya rubuta abin da ya kamata ko wane akawu ya ji. Ya ce in mutum ya sayi riga ko turkuɗi a Kurmi, ya kai har Barno bai kwance ba, can ya tarar da aibi, sai ya komo da shi, gama an rubuta sunan dillali an sa cikin ƙunshin, dole a nemo mai kayan ya mayar da kuɗi. Ashe rasiɗi da lamuni ba Bature ya koya mana ba. Barth kuma ya ƙiyasta tufafin da Kano ke saƙawa ta rina a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Sai dai kada malami ya ɓoye wa yara ɗaya gefen: a kasuwar nan an sayar da bayi, 'yan Adam, har zuwa 1903. Yau babban cinikin tufafi ya koma Kantin Kwari, atamfar ma yawancinta daga Sin ta ke zuwa, Kurmi ta zama wurin kayan gargajiya da kayan hawan salla.

Daga Kurmi muka yi gabas zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda a ke cewa tun 1498 ta ke. Ramuka ne masu zurfi, an shafe cikinsu da laso don kada su tsiyaye. A kan zuba ruwa da toka da baba da katsi, a bari ya kwana da kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da muciya, har kumfa ya taso ya nuna ya yi. Marini ya tsoma zane ya ɗaga, ya tsoma ya ɗaga. Abin mamaki ga yara shi ne zanen kore kore ya ke fitowa, iska ce ke mai da shi shuɗi a gaban idonsu, malamin kimiyya ba zai sami gwajin da ya fi wannan araha ba. Kusa kuma ga mabuga, suna bugun zane bisa gungume har ya yi ƙyalli irin wanda Buzaye ke so. Amma ramukan da ke aiki kaɗan ne, saura sun cike da ƙasa da leda, masu aikin kuma yawancinsu furfura ta kama su. Muka sayi ɗan abin da ya sawwaƙa. Wanda ya kai yara nan ya yi haka, kada a tsaya kallo da ɗaukar hoto kawai a tafi.

Rana ta take sa'ad da muka juyo yamma, muka wuce asibitin cikin gari wanda yanzu ke ɗauke da sunan Murtala Muhammad, muka fito filin Babban Masallaci. Asalinsa na zamanin Rumfa ne, an sāke gina shi ba sau ɗaya ba, ginin da a ke gani yanzu kuwa aikin zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A nan aka kai wa masallata hari ran Jumma'a 28 ga Nuwamba 2014, mutane fiye da 100 suka rasu. Jagora ya tsaya ya yi musu addu'a, muka shafa.

Kudu da masallaci Gidan Rumfa ne, fadar Kano. Kafin Rumfa sarakuna can wajen Dala su ke zaune, shi ya fito da fada nan, ya ja ganuwa ta rufe ta. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma abubuwa 12 a ke lissafa masa da ya fara, cikinsu akwai kakaki, da figini, da majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa Shehu Magili ya zo daga Arewacin Afirka ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, zuriyarsa na nan a Sharifai. Da Fulani suka karɓi mulki a farkon ƙarni na 19 ba su gina wata fada ba, nan suka shiga, zuriyar Ibrahim Dabo, wanda ya hau cikin 1819, su ke riƙe da sarautar tun daga lokacin. Gidan ya kai eka 33, gari ne sosai. Ba a shiga sai da izini, mu ma ba mu nema ba. Muka zaga ta Ƙofar Kudu, filin da a ke jafi ran hawan Daushe, muka gai da dogarai. Hawan sallar Kano dai UNESCO ta karɓe shi cikin al'adun duniya a watan Disamba 2024. Doki ya riga ganuwa shiga.

Ƙarshen tafiya Gidan Makama, ƙetaren titi kaɗan. An ce a nan Rumfa ya zauna kafin a gama masa fada, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. A nan ne mutum zai ga yadda gwanayen magina su ke ɗaure rufi da bakan gizo na azara da ƙasa, ɗaki ya yi sanyi da tsakar rana ba fanka. Akwai taswirar ganuwa da ke nuna ƙarin da ko wane sarki ya yi, da sulke da kwalkwali, da hotunan sarakuna. Akwai kuma tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, na ƙarfe, waɗanda dā a ke rufewa da magariba, wanda ya makara ya kwana a waje. Muka taɓa su, nauyinsu sai ƙato da ƙato. An jingine su a bango, ƙofofin da aka ciro su kuwa motoci ke wucewa ta ciki dare da rana.

Jagora ya roƙe mu abu guda, mu kuma muna miƙa shi ga malamai. Ya ce in za a kawo yara, a sa ko wanne ya zo da littafi da fensir, a raba musu aiki: waɗansu su auna tsayin badalar da ta rage a Ƙofar Ruwa da taki da igiya, waɗansu su ƙidaya ramukan da ke aiki a Ƙofar Mata, a rubuta da kwanan wata a ajiye a makaranta. Baɗi wani aji ya zo ya sāke aunawa, a gwada. A zo da ruwan sha da takalmi mai daɗin tafiya, a guji ran Jumma'a saboda cunkoso, a kuma nemi izinin masu unguwa kafin a shiga lungu da yara arba'in.

Aka kira azahar muna zaure. Da muka idar sai dattijon ya ce sharaɗi ya cika. Muka tsai da a-daidaita-sahu biyu, muka ce Gwammaja, wajen masu ƙosai.